ARKIMIDIS: MALAMIN DA YA ƘIDAYA YASHI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe kalkuleta irin ta 'yan kimiyya ya san abin da zan faɗa. Mutum zai buga 100,000 sau 100,000, yana jiran ya ga ɗaya da jerin sifili a bayansa, sai kawai allon ya nuna masa 1, can gefen dama kuma ga wata 'yar ƙaramar lamba 10. Wata kalkuletar 1×10¹⁰ take rubutawa, wata kuma 1E10. A lokacin da nake makarantar sakandare na taɓa faɗuwa a wata tambaya ta Fiziks saboda wannan abu. Allon ya nuna mini 2.5, da ɗan fili, sannan 08. Ni kuwa ban yi wata-wata ba na kwafe 2.508 a takardata, alhali amsar miliyan 250 ce. Kalkuleta ta yi aikinta daidai, ni ne ban iya karanta abin da ta rubuta ba.

Wannan 'yar lamba da ke maƙale a gefen allo tana da tarihi mai tsawo. Dabarar da ke bayanta ta girmi kalkuleta da fiye da shekara 2,000, kuma idan aka bi sawunta za a tarar da shi a ƙofar wani malami Bagirke mai suna Arkimidis, wanda Larabawa suke kira Arshimidis. A wannan maƙala za mu duba rayuwarsa, da yadda ya ƙidaya yashin da zai cika sararin samaniya, da kuma yadda wannan ƙidaya take taimaka wa mai karatu ya gane abin da kalkuleta take nuna masa.

Haihuwarsa da Garinsu

An haifi Arkimidis a wajajen shekarar 287 kafin Miladiyya, a birnin Sirakus da ke gabar gabas ta tsibirin Sisili. A yau Sisili yanki ne na ƙasar Italiya, amma a wancan zamani Sirakus birnin Girkawa ne, waɗanda kakanninsu suka taso daga Korinti suka kafa shi. Masana sun samo shekarar haihuwar tasa ne ta hanyar lissafi: an san ya rasu a shekarar 212, wani marubucin Girka na ƙarni na 12 kuma ya ce ya yi shekara 75 a duniya.

Sunan mahaifinsa Fidiyas, masanin taurari ne. Arkimidis da kansa ya ambace shi a ɗaya daga cikin littattafansa, inda ya kawo ra'ayin mahaifin nasa cewa faɗin rana ya ninka na wata sau 12. Ke nan yaron ya tashi a gidan da ake hirar girman rana da wata kamar yadda ake hirar farashin hatsi a wasu gidajen. Sarkin Sirakus a yawancin rayuwarsa shi ne Hiyero na Biyu, wanda ya yi fiye da shekara 50 yana mulki. Marubucin nan Fulutak ya ce Arkimidis ɗan'uwan sarkin ne kuma amininsa.

Sirakus birni ne mai arziki da tashar jiragen ruwa, sai dai yana zaune ne tsakanin giwaye biyu. Daga arewa ga Rumawa, daga kudu kuma, a gabar Afirka inda ƙasar Tunisiya take a yau, ga daular Kartaj. Hiyero ya ƙulla amana da Rumawa, ya riƙe ta har ƙarshen ransa, wannan ya sa birnin ya sami zaman lafiya na tsawon lokaci. A cikin wannan zaman lafiya ne Arkimidis ya yi yawancin ayyukansa.

Neman Iliminsa

A zamanin Arkimidis babu cibiyar ilimi a duniyar Girkawa kamar birnin Iskandariyya na Masar, mai shahararren ɗakin karatun nan. A can ne Yukilid, marubucin babban littafin lissafin siffofi, ya koyar tun kafin tasowar Arkimidis. Marubucin tarihi Diyodoras ya ce Arkimidis ya je Masar, kuma masana da dama suna ganin a Iskandariyya ya yi karatu. Abin da yake tabbas shi ne abokan ilminsa suna can. Daga Sirakus yakan rubuta sakamakon bincikensa a matsayin wasiƙa ya aika wa Konon mutumin Samos, bayan rasuwar Konon kuma ya ci gaba da aika wa Dositiyas. Haka nan ya yi musayar wasiƙu da Eratostenis, shugaban ɗakin karatun, wanda ya shahara da auna kewayen duniya.

Akwai wani abu da ke nuna halin mutumin. A gabatarwar wani littafinsa ya bayyana cewa ya taɓa aika jerin ƙa'idojin lissafi zuwa Iskandariyya ba tare da hujjojinsu ba, ya kuma cusa guda biyu na ƙarya a ciki da gangan. Manufarsa ita ce ya tona asirin masu cewa su ma sun riga sun gano komai, alhali ba su iya kawo hujja ba. Wani abin lura ga ɗaliban harshe shi ne, da karin harshen garinsu ya yi rubutu, wato Girkancin Doriyawa da ake yi a Sirakus.

Wasu Daga Cikin Ayyukansa

Labarin da ya fi yawo game da Arkimidis shi ne na kambin sarki, wanda wani marubucin Rumawa mai suna Bitrubiyas ya kawo kimanin shekara 200 bayan rasuwarsa. An ce Sarki Hiyero ya ba wani maƙeri zinariya ya ƙera masa kambi, daga baya ya yi zargin an gauraya ta da azurfa. Sai ya nemi Arkimidis ya gano gaskiya ba tare da an lalata kambin ba. Wata rana da ya shiga kwarmin wanka, ya lura ruwa yana tumbatsa gwargwadon yadda jikinsa yake nutsewa. Nan take ya gane cewa da ruwa za a iya auna girman kowane abu, komai karkacewar siffarsa. An ce don murna ya fita titi a guje ko tufafi bai tsaya sawa ba. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, littafinsa a kan abubuwan da ke yawo a bisa ruwa yana nan, kuma a cikinsa ne ya kafa ƙa'idar da ɗaliban Fiziks suke karantawa da sunansa har gobe: abin da aka tsoma a ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture.

Bugu da ƙari, ana danganta masa wani bututu mai murɗaɗɗen ciki, wanda idan ana juya shi yake ɗebo ruwa daga ƙasa zuwa tudu. Manoma a Masar sun daɗe suna ban ruwa da shi. Ya kuma yi bayanin yadda doguwar sanda da aka ɗora a kan madogari take ɗaga kaya mai nauyi da ƙarfi kaɗan. Fulutak ya ba da labarin yadda ya harhaɗa kura irin ta jan guga a rijiya, guda da yawa, har ya ja jirgin ruwa cike da kaya da mutane shi kaɗai yana zaune.

Duk da haka, lissafi tsantsa ya fi soyuwa a gare shi. Ya nuna cewa idan aka raba kewayen da'ira da faɗinta, amsar tana tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. Ya kai ga wannan ne ta hanyar zana siffa mai gefe 96 a cikin da'irar, da wata a wajenta. Wannan 3 da 1/7 ita ce 22/7 da muka haddace a makaranta. Har ila yau ya tabbatar da cewa idan aka sa ƙwallo a cikin gwangwanin da ya yi masa cif-cif a tsawo da faɗi, ƙwallon yana cin kashi biyu cikin uku na cikin gwangwanin. Wannan bincike ya fi kowanne faranta masa rai, har ya roƙi a zana shi a kan kabarinsa.

Matsalar Sunayen Lambobi

Yanzu bari mu zo kan aikin da ya haɗa shi da kalkuleta. Girkawa da haruffa suke rubuta lambobi, kamar yadda malaman hisabi suke yi da haruffan Larabci. Suna da haruffa 27: tara na ɗaya zuwa tara, tara na goma zuwa casa'in, tara na ɗari zuwa ɗari tara. Ba su da sifili irin wanda muke jerawa a bayan lamba. Kalmar ƙidaya mafi girma a harshensu ita ce miriyad, wato 10,000. Idan suka matsa sosai sukan ce miriyad sau miriyad, wato miliyan 100. Daga nan harshe ya ƙare.

Kowane harshe yana da irin wannan iyaka. Bahaushe yana da ɗari, yana da dubu, yana da zambar. Idan abu ya wuce nan sai ya ce dubun dubata, ko ya ce malala gashin tunkiya, wato abin ya fi ƙarfin ƙidaya. Su kuwa Girkawa da yashi suke buga misali. Wasunsu suna ganin yashi ba shi da iyaka sam. Wasu kuma suna cewa yana da iyaka, amma babu wata lamba mai suna da za ta kai yawansa.

Arkimidis bai yarda da ko ɗaya daga cikin ra'ayoyin biyu ba. Sai ya rubuta wani ɗan littafi, wanda za a iya fassara sunansa da Mai Ƙidayar Yashi, ya aika wa Sarki Gelon, ɗan Hiyero, wanda yake taya mahaifinsa mulki. Tun da Gelon ya rasu a shekarar 216, an rubuta littafin kafin wannan shekara ke nan. A ciki ya ɗauki alkawarin zai kawo lambar da ta fi yawan yashin gabar Sirakus, ta fi na duk Sisili, ta fi wanda zai cika duniya, ta ma fi wanda zai cika sararin samaniya baki ɗaya.

Matakin farko da ya ɗauka shi ne ƙirƙirar sunaye. Duk lambobi daga ɗaya zuwa miliyan 100 ya kira su lambobin aji na ɗaya. Sai ya mai da miliyan 100 ta zama ɗaya a sabon aji, ya sake ƙidaya ta har sau miliyan 100, wannan shi ne aji na biyu. Inda aji na biyu ya ƙare nan na uku ya fara, haka dai har aji na miliyan 100. A rubutunmu na yau, kowane aji ƙarin sifili takwas ne: aji na ɗaya ya tsaya a 10⁸, na biyu a 10¹⁶, na uku a 10²⁴. Dukkan waɗannan azuzuwa ya haɗa su ya kira su zango na ɗaya. Ƙarshen wannan zango lamba ce mai sifili miliyan 800. Da mutum zai riƙa rubuta sifili ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya shafe fiye da shekara 25 kafin ya gama. Arkimidis bai tsaya nan ba, ya ci gaba da jera zango a kan zango har zango na miliyan 100, inda ya kai ga lamba mai sifili 80,000,000,000,000,000.

Mataki na biyu shi ne wata ƙa'ida da ya tabbatar. Ya jera lambobi kamar matakalar bene: 1, 10, 100, 1,000, kowace ta ninka ta bayanta sau goma. Sai ya nuna cewa idan ana son a ninka biyu daga cikinsu, ba sai an yi dogon lissafi ba, ƙidaya matakai kawai za a yi. Alal misali, 1,000 tana nesa da 1 da taki uku, 100,000 kuma da taki biyar. Uku da biyar takwas, saboda haka amsar ita ce lambar da ke taki na takwas, wato 100,000,000. Wannan ita ce ƙa'idar da muke rubutawa a yau da 10³ × 10⁵ = 10⁸.

Yadda Ya Ƙidaya Yashin

Da ya tanadi sunaye da ƙa'ida, sai ya koma kan awo. Dabararsa ita ce a kowane mataki ya ɗauki adadin da ya zarce gaskiya, domin kada wani ya ce ya rage. Ya fara da ƙwayar irin wani fure wadda ba ta kai ƙwayar riɗi girma ba. Ya ce tarin yashin da ya kai girman wannan ƙwaya ba zai wuce ƙwayar yashi 10,000 ba. Ya kuma ɗauka cewa sai an jera ƙwayar irin 40 kafin a sami faɗin yatsa ɗaya. Ke nan ƙwallon da faɗinsa yatsa ɗaya ne zai ci ƙwayar iri 40 sau 40 sau 40, wato 64,000. Idan aka ninka da 10,000 an sami yashi miliyan 640. Sai ya cike ta ta zama miliyan 1,000, wato 10⁹.

Daga nan sai hawa matakala. Idan faɗin ƙwallo ya ninku sau goma, cikinsa yana ninkuwa sau dubu, wato kowane taki ɗaya a faɗi taki uku ne a ciki. Ma'aunin tafiya na Girkawa shi ne sitadiyon, wanda bai kai mita 200 ba, Arkimidis kuma ya ƙaddara shi a kan yatsa 10,000. Taki huɗu ke nan a faɗi, taki 12 a ciki. Tara da sha biyu 21, saboda haka ƙwallo mai faɗin sitadiyon ɗaya ba zai ci yashin da ya wuce 10²¹ ba.

Saura girman sararin samaniya. Masanan zamaninsa sun ƙiyasta kewayen duniya a kan sitadiyon 300,000, shi kuwa ya ninka sau goma ya ce miliyan uku. Mahaifinsa ya ce faɗin rana ya ninka na wata sau 12, shi ya ce sau 30. Ya kuma auna girman rana yadda ido yake ganinta da kansa: da hantsi bai yi ba, rana tana ɓullowa, ya ɗora wani ɗan gungume a kan doguwar sanda yana matsar da shi har ya rufe ta. Ya sami kimanin rabin digiri, wanda ya yi daidai da awon masana na yau. Da waɗannan ya nuna cewa faɗin samaniya, yadda yawancin mutanen zamaninsa suka fahimce ta, bai kai sitadiyon 10¹⁰ ba. Taki goma a faɗi, taki 30 a ciki, a haɗa da 21: yashi 10⁵¹.

To amma akwai wani masani, Aristarkus mutumin Samos, wanda ya ce rana ce take tsaye, duniya ke kewaya ta, taurari kuma suna can nesa ƙwarai. Littafin da Aristarkus ya yi wannan bayani a ciki ya ɓata, kuma ɗan littafin nan na Arkimidis shi ne babbar shaidar da ta rage cewa an yi wannan tunani kimanin shekara 1,800 kafin Kofanikas. Arkimidis ya ɗauki wannan samaniya mafi girma, ya ba ta faɗin sitadiyon 10¹⁴. Taki 14 sau uku 42, a haɗa da 21. Amsar ƙarshe ita ce 10⁶³, wato ɗaya da sifili 63. A tsarinsa wannan lamba tana cikin aji na takwas ne kawai, a farko-farkon zango na ɗaya. Yashin da ake cewa ya fi ƙarfin ƙidaya ko ƙofar gidan lambobinsa bai wuce ba.

Yaƙi da Rasuwarsa

A shekarar 218 yaƙi na biyu ya ɓarke tsakanin Rumawa da Kartaj, wanda Hanibal ya jagoranta. Hiyero ya rasu a shekarar 215, jikansa Hiyeronimas, yaro ɗan kimanin shekara 15, ya gaje shi. Yaron ya warware amanar da kakansa ya ƙulla ya koma ɓangaren Kartaj. Ba a daɗe ba aka kashe shi, amma birnin bai dawo wajen Rumawa ba. Saboda haka Rumawa suka aiko da rundunar ƙasa da ta ruwa a ƙarƙashin Janar Marselas.

A lokacin Arkimidis ya haura shekara 70, amma shi ne ya tsara tsaron birnin. Marubucin tarihi Folibiyas ya bayyana injunan harba duwatsu da ya ƙera, manya na nesa da ƙanana na kusa, da ƙananan tagogi da ya sa aka huda a ganuwa don maharba. Akwai kuma wata ƙugiya ta ƙarfe da ake zurowa daga kan ganuwa, ta kama goshin jirgi ta ɗaga shi sama sannan ta sake shi ya kife. Rumawa suka ga ba dama, suka daina kai hari, suka koma yi wa birnin ƙawanya. A shekarar 212, a daren wani biki da mutanen gari suka sha suka yi tatil, Rumawa suka hau ganuwa ta wani wuri da ba a tsare sosai ba. Bayan wasu watanni sauran birnin ya faɗi.

Marselas ya ba da umarni kada a taɓa Arkimidis, amma umarnin bai yi amfani ba. Fulutak ya kawo ruwaya fiye da ɗaya a kan mutuwarsa. Wadda ta fi shahara ita ce wani soja ya same shi ya duƙufa a kan wani zane na lissafi, ya ce ya taso su je wurin Marselas. Tsohon ya ƙi tashi sai ya gama abin da yake yi, sojan ya fusata ya zare takobi ya kashe shi. An ce Marselas ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya nemo danginsa ya girmama su. Bayan shekara 137, wato a shekarar 75, Sisero, wanda yake riƙe da wani muƙamin gwamnatin Rumawa a Sisili, ya nemi kabarin. Mutanen Sirakus sun riga sun manta da shi. Ya same shi a cikin ƙaya da sarƙaƙƙiya, ya gane shi da zanen ƙwallo da gwangwani.

Daga Yashi Zuwa Allon Kalkuleta

Littattafan Arkimidis sun bi hannaye da yawa kafin su iso gare mu. A Bagadaza, a ƙarni na 9, Sabit bin Ƙurra yana cikin waɗanda suka yi aikin mai da wasunsu Larabci. An buga tarin ayyukansa da injin ɗab'i a birnin Basel a shekarar 1544. A halin da ake ciki kuma lambobin Indiya masu sifili sun yaɗu ta hannun malamai irin su Alkawarizmi. A shekarar 1614 Jon Nefiya na Sikotilan ya fitar da logaridim, wanda shi ma mai da ninkawa ya zama tarawa ne. A shekarar 1637 Rene Dekat na Faransa ya yaɗa salon ɗora 'yar ƙaramar lamba a kafaɗar wata. A shekarar 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da HP-35, kalkuletar kimiyya ta farko da ke shiga aljihu. Allonta yana nuna lambobi goma, da wasu biyu a gefen dama. Yawancin kalkuletocin da ɗalibai suke riƙewa a kan wannan tsari suke.

Ga yadda ake karanta allon. Idan amsa ta fi ƙarfin gurabensa, kalkuleta takan raba ta gida biyu. Na hagu lamba ce daga 1 zuwa ƙasa da 10. Na dama kuma yawan takin da za a hau ne a matakalar Arkimidis, wato sau nawa za a ninka da goma. Saboda haka 2.5 da 08, ko 2.5E8, ko 2.5×10⁸, duk abu ɗaya ne: a matsar da ɗigo zuwa dama gurbi takwas, a cike guraben da sifili, a sami 250,000,000. Nisan rana daga duniya, kimanin kilomita 149,600,000, zai fito a 1.496E8. Idan kuwa lambar dama tana da alamar ragi, sauka ake yi a matakalar, wato ɗigo hagu zai matsa. Ke nan 1×10⁻³ ita ce 0.001, 1.6E-7 kuma ita ce 0.00000016.

Akwai kurakurai da ya kamata a kiyaye. Na farko shi ne irin nawa, a haɗe lambar dama da ta hagu. Na biyu shi ne a ɗauka 2E3 tana nufin 2 sau 2 sau 2. Amsarta 2,000 ce, domin goma ake ninkawa. Na uku yana wajen bugawa. Maɓallin da aka rubuta wa EXP, ko EE, ko ×10ˣ, ya riga ya ƙunshi goma a cikinsa. Mai son 100,000 sai ya buga 1, EXP, 5. Wanda ya buga 10, EXP, 5 miliyan ɗaya zai samu, ya ƙara taki guda bai sani ba. Haka kuma babban harafin E na allo ba shi da alaƙa da ƙaramin e na darasin logaridim, mai darajar kimanin 2.718.

A kuma tuna cewa abin da allo ya nuna sau da yawa an taƙaita shi. Idan aka buga 123,456,789 sau 987,654,321, cikakkiyar amsa ita ce 121,932,631,112,635,269. Kalkuleta mai gurbi goma za ta nuna 1.219326311×10¹⁷ kawai, sauran lambobi takwas ba za a gan su ba. A irin wannan lissafi lambar dama ta fi muhimmanci, domin kuskure a lambar ƙarshe ta hagu ɗan kaɗan ne, amma kuskuren taki ɗaya a dama ninki goma ne.

Kammalawa

Mai karatu zai iya gwada wani abu da kansa. Ya buga 1, EXP, 63, zai ga yashin Arkimidis ya zauna daram a allon da bai kai tsawon yatsa ba. Sannan ya buga 1, EXP, 99, ya ninka da 10. A yawancin kalkuletocin makaranta saƙon kuskure zai fito, domin gurbi biyu kawai aka ware wa lambar dama, iyakarta 99. Tsarin da tsohon nan na Sirakus ya rubuta wa Sarki Gelon, ba sifili ba injin, a wannan wuri ko aji na 14 bai shiga ba, cikin azuzuwa miliyan 100 na zangonsa na farko.

Abin da Arkimidis ya gano shi ne, yashi bai fi ƙarfin ƙidaya ba, sunayen lambobi ne suka yi wa mutanensa kaɗan, shi kuwa ya zauna ya ƙirƙiro su da harshen garinsu. Ni dai tun da na karanta tarihinsa, duk lokacin da na ga 'yar lambar nan a gefen allo, sai na tsaya na ƙidaya takin kafin na kwafi amsa. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai, da ƙannenmu masu shirin jarrabawa, za su riƙa yin haka.